Babi na Shida: Frank Aiken, Kwamandan da ya Ce a Ajiye Bindiga

Ranar 24 ga Mayu 1923, wani saurayi ɗan shekara 25 ya sa hannu a wata gajeriyar takarda, aka bi da ita ƙauye-ƙauye da tsauni-tsauni a ƙasar Ayalan. Umarnin da ke ciki shi ne kowane mayaƙi ya nemi wuri ya ɓoye bindigarsa, ya koma gida. Ba a ce a miƙa wa gwamnati makaman ba, ba a kuma zauna an ƙulla sulhu ba. Duk da haka, da wannan takarda yaƙin basasar da ya yi kusan wata goma sha ɗaya yana cin 'yan ƙasa ya mutu. Sunan saurayin Frank Aiken. Wata ɗaya ke nan da aka ɗora masa shugabancin mayaƙan IRA, rundunar da ke yaƙi da gwamnati, bayan sojojin gwamnati sun harbe magabacinsa Liam Lynch a tsaunukan Knockmealdown, shi Aiken ɗin yana tare da shi.

A watan Agusta na shekarar, mutanen gundumar Louth suka zaɓe shi ɗan majalisa. Haka suka yi ta zaɓensa har 1973, kusan shekara hamsin. Ya riƙe ma'aikatar tsaro, ya riƙe ta kuɗi, ya yi shekara goma sha biyar yana ministan harkokin waje, ya zama mataimakin firayim minista. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda jawabinsa ba ya sa a tafa. Abokan hamayyarsa sun daɗe suna yi masa kallon mai taurin kai wanda ba shi da wani zurfi. A ganina sun yi kuskure, domin mutum ne da ya koyi darasi guda yana matashi, ya koye shi da tsada, sannan ya ƙarar da rayuwarsa yana aiki da shi: makami idan ya bazu a hannaye da yawa, ba mai iya kiransa ya dawo.

An haife shi ranar 13 ga Fabrairu 1898 kusa da garin Camlough a gundumar Armagh, a gidan manoma 'yan Katolika. Armagh na arewacin tsibirin, inda Katolika da Furotesta ke zaune gona na jikin gona, kowa ya san gidan kowa da cocin kowa. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga ƙungiyar 'yan sa-kai masu neman 'yancin Ayalan daga Birtaniya. A Disamba 1920 ya jagoranci hari a kan barikin 'yan sanda na Camlough, jami'an Birtaniya suka rama da ƙone gidansu. Kafin 1921 ta ƙare shi ne kwamandan Runduna ta Huɗu ta Arewa.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Landan ranar 6 ga Disamba 1921 ta ba gundumomi 26 na kudu mulkin kai, amma da sharaɗin 'yan majalisa su yi rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, gundumomi shida na arewa kuma suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Majalisar Dáil ta amince da ƙuri'a 64, masu ƙi 57, rundunar da ta yaƙi Turawan Ingila ta tsage gida biyu. Garin su Aiken ya faɗa a ɓangaren da aka bari. A bakin wannan sabuwar iyaka ne aka yi abin da bai taɓa barin sunansa ba.

Da asubar 17 ga Yuni 1922, mayaƙan rundunarsa suka dira a Altnaveigh, wani ƙauyen manoma Furotesta kusa da Newry. Suka fito da mutane daga gidajensu cikin kayan barci, suka cinna wa gidajen wuta, suka harbe shida, cikinsu har da mace. An ce ramuwa ce a kan kashe-kashe da cin zarafin da 'yan sandan sa-kai na gwamnatin arewa suka yi wa Katolika a kwanakin. A wannan daren shi Aiken yana wani wurin, yana jagorantar kwanton ɓauna a Dromintee, kuma har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko daga bakinsa umarnin ya fito. Jayayyar ba ta wanke shi ba. Mayaƙansa ne, yankinsa ne, waɗanda aka kashe kuma ba sa riƙe da komai. Furotestan yankin sun laƙaba masa sunan mahaucin Altnaveigh, shi kuma ya yi sauran shekara sittin ɗin da suka rage masa a duniya bai tsaya gaban jama'a ya yi bayanin wannan dare ba. Wannan shiru laifi ne na biyu, kuma duk wanda zai yabi abin da ya yi daga baya dole ya riƙe wannan a ɗaya hannun.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke a Dablin. Aiken ya ƙi ɗaukar ɓangare. Ya tafi har Limerick yana roƙon tsofaffin abokan gwagwarmaya su tsagaita, ya rubuta wa Richard Mulcahy, ministan tsaron gwamnati, cewa yaƙi da baƙo yakan fito da nagartar al'umma, yaƙin basasa kuwa ƙazantarta yake tonowa. Ba a saurare shi ba. Tsakiyar watan Yuli sojojin gwamnati suka mamaye barikinsa na Dundalk, suka kulle shi da mutanensa. Ranar 27 ga watan aka dasa nakiya a jikin katangar gidan yarin, ta fasa rami, mutum fiye da ɗari suka fice ta cikinsa da safiya. Ranar 14 ga Agusta ya dawo da mayaƙa kimanin ɗari uku, ya ƙwace barikin, ya saki fursunoni, sannan ya janye bai tsaya riƙe garin ba. Cikin hare-haren da 'yan adawa da yarjejeniyar suka kai, kaɗan ne suka yi nasara kamar wannan, ga shi kuwa wanda ya kai shi bai yarda da yaƙin ba tun asali. Kafin ya sami ikon tsayar da shi, an kashe Michael Collins, jagoran ɓangaren gwamnati, gwamnati ta harbe fursunoni fiye da saba'in, dubbai suna tsare.

A 1926 yana cikin waɗanda suka bi Éamon de Valera suka kafa jam'iyyar Fianna Fáil. A 1927 suka haɗiye rantsuwar da suka yi yaƙi a kanta, suka shiga majalisa. A 1932 suka ci zaɓe. Ranar 9 ga Maris da majalisa ta zauna, ana ta raɗe-raɗin hafsoshi za su yi juyin mulki, har ana cewa wasu 'yan majalisar sun shigo da ƙananan bindigogi a aljihu. A wannan yanayi de Valera ya naɗa Aiken ministan tsaro, wato ya ɗora shi a kan sojojin da suka farauce shi shekara tara da suka wuce. Hafsoshin suka zuba ido suna jiran kora. Korar ba ta zo ba. Ya bar su a muƙamansu, ya yi aiki da su, sannan a 1934 ya kafa rundunar 'yan sa-kai ta ko-ta-kwana wadda ta buɗe wa tsofaffin 'yan IRA ƙofar sa kakin ƙasa. Mai karatun da ya san yadda sabuwar gwamnati ke yi wa sojojin tsohuwa a ƙasashen da suka fito daga yaƙin basasa zai gane nauyin wannan. Tun daga ranar sojan Ayalan bai taɓa ɗaga wa zaɓaɓɓiyar gwamnati yatsa ba.

Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne inda na fi samun wahalar kare shi. Ayalan ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu, kuma tana da hujja: ƙasa ce ƙarama, marar makamai, wadda ba za ta iya shiga yaƙi a gefen Birtaniya ba tare da ta sake tsagewa ba. Daga 1939 zuwa 1945 Aiken ne ministan da ke haɗa harkokin kariya, tace labarai kuma na ƙarƙashinsa. Ya yi shi da hannun ƙarfe. An hana buga hasashen yanayi don kada ya amfani jiragen yaƙi, wannan kowa ya fahimta. Amma an hana nuna fim ɗin Charlie Chaplin da ke yi wa Hitler ba'a, an hana jaridu faɗin cewa ɗan wane ya mutu a rundunar Birtaniya alhali dubban 'yan Ayalan suna cikinta, an kuma danne rahotannin ta'asar 'yan Nazi har sai da yaƙi ya ƙare. Editan jaridar Irish Times, R. M. Smyllie, ya yi shekarun nan yana kokawa da ofishinsa. Hujjar Aiken ita ce ƙasar da ba ta yaƙi ba ta da ikon barin 'yan ƙasarta su zaɓi gwani a fili. Sakamakon shi ne al'umma guda ta fito a 1945 ba ta san girman abin da aka yi a Turai ba. Tsoron rarrabuwar kai ne ya kai shi nan, na yarda, amma ya wuce gona da iri.

A 1941 aka aike shi Amurka neman makamai da jiragen ruwa. Jakadan Ayalan a Washington, Robert Brennan, wanda ya raka shi wurin Shugaba Roosevelt, shi ya ba da labarin yadda aka yi. Roosevelt ya yi ta zuba, bai ba baƙon damar magana ba, har ma'aikata suka shigo suka fara shimfiɗa tebur don abincin rana, alamar lokaci ya ƙare. Aiken ya ƙi tashi. Ya tambaya ko Amurka na tare da Ayalan idan aka kawo mata hari. Roosevelt ya ce ƙwarai, idan Jamus ce. Aiken ya ce ko Birtaniya. Shugaban ya fusata, ya fizgi mayafin teburin, cokula da wuƙaƙe suka watse a ƙasa. Aiken ya koma gida ba bindiga ko ɗaya, sai alƙawarin jiragen dakon kaya biyu. A Washington an daɗe ba a yafe masa ba.

Shekarunsa uku a ma'aikatar kuɗi daga 1945 ba su bar wani abin a-zo-a-gani ba. A gefe kuwa yana noma a Sandyford, bayan garin Dablin, yana ƙere-ƙere: amya, dunduniyar takalmi mai sifirin, da murhun da ke cin wata baƙar ƙasar fadama da mutanen Ayalan ke yankawa su busar su yi makamashi da ita.

Aikinsa na gaske ya same shi yana dab da shekara sittin. Tarayyar Sobiyat ta yi shekara tara tana hawa kujerar na-ƙi a kan shigar Ayalan Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a Disamba 1955 aka karɓe ta. Da Aiken ya koma ma'aikatar harkokin waje a 1957, ya mai da New York gidansa na biyu. Duk kaka sai ya tare a can makonni, ya zauna a kujerar ƙasarsa tsakanin ta Iraƙi da ta Isra'ila, yana sauraron jawaban da sauran ministoci ke barin wa ƙananan ma'aikata. A shekararsa ta farko ya kaɗa ƙuri'ar goyon bayan a tattauna batun ba Sin ta 'yan kwaminis kujera. Amurka ta fusata, Cardinal Spellman na New York ya fusata, a gida malaman coci da 'yan hamayya suka yi masa ca. Bai janye ba. Shekara biyu bayan haka shi ne kuma ya haɗa kai da Malaya suka kawo ƙudurin kare haƙƙin mutanen Tibet a kan ita Sin ɗin. Ya goyi bayan 'yancin Aljeriya, ya soki wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, yana tunatar da zauren cewa ƙasarsa ma ta ɗanɗani mulkin mallaka. Ɗan ƙasarsa Frederick Boland ne ke shugabantar Babban Zauren ranar 7 ga Oktoba 1960 da aka karɓi Najeriya, Abubakar Tafawa Balewa ya hau mumbari.

A 1958 ya gabatar da shawarar da ake tuna shi da ita. A lokacin ƙasashe uku ne ke da makamin nukiliya: Amurka, Tarayyar Sobiyat da Birtaniya. Kowa na maganar a kwance ɗamara baki ɗaya, kowa kuma ya san ba za a yi ba. Aiken ya ce a bar wannan tukuna, a fara da abin da zai yiwu: masu shi su yi alkawarin ba za su ba kowa ba, marasa shi su yi alkawarin ba za su ƙera ko su karɓa ba. Lissafinsa shi ne, uku za su iya tsoron juna su zauna lafiya, amma in suka zama goma sha biyar, wata rana makamin zai faɗa hannun gwamnatin da ke fama da tawaye, ko hannun 'yan tawayen kansu. Wanda ya taɓa zama ɗan tawaye, ya ga abin da maƙwabci ke yi wa maƙwabci da bindigar hannu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shekarar farko sakin layi ɗaya kawai aka kaɗa wa ƙuri'a, wanda ke cewa akwai haɗari a yaɗuwar makamin. Ƙasashe 37 suka amince, ba wadda ta ƙi, 44 suka ƙaurace, cikinsu har da Amurka da ƙawayenta. Ya janye sauran, ya dawo a 1959, ya sake dawowa a 1960, kowane karo da ɗan ƙari. Ana cikin haka Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar hamada zuwa ƙasashenmu. Da ta yi gwaji na uku, gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairu 1961. Ranar 4 ga Disamba 1961 Babban Zauren ya amince da ƙuduri mai lamba 1665 ba tare da ko ƙasa ɗaya ta ƙi ba. A kansa aka gina Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya, kuma ranar 1 ga Yuli 1968 da aka buɗe ta a Mosko, Aiken aka fara miƙa wa alƙalami.

Yarjejeniyar ba ta da adalci, shi ma ya san haka. Ta halasta wa ƙasashe biyar abin da ta haramta wa sauran duniya, kuma biyar ɗin ba su cika alkawarin kwance nasu ba har yau. Indiya da Pakistan da Isra'ila sun ƙi sa hannu, Koriya ta Arewa ta fice a 2003. Amma a 1963 Shugaba Kennedy yana fargabar cewa kafin shekarun 1970 su ƙare ƙasashe goma sha biyar zuwa ashirin da biyar za su mallaki makamin. Yau tara ne. Afirka ta Kudu ta ƙera nata, ta wargaza, ta shiga yarjejeniyar a 1991. Na fi son wannan gurguwar doka a kan cikakkiyar da ba a taɓa rubutawa ba.

Ƙasarsa ta biya kuɗin tsayawa da Majalisar Ɗinkin Duniya da jini. A 1960 Ayalan ta tura sojoji Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda suka yi aiki a runduna ɗaya da sojojin Najeriya. Ranar 8 ga Nuwamba aka kashe tara daga cikinsu a kwanton ɓauna a Niemba. A Satumba 1961 wani kamfanin soja mai mutum ɗari da hamsin da 'yan kai, ƙarƙashin Pat Quinlan, ya yi kwanaki yana riƙe da Jadotville gaban dubban mayaƙan Katanga har ruwa da harsashi suka ƙare masa. Ba a janye sojojin ba.

Jarrabawarsa ta ƙarshe a ofis ta fito ne daga Najeriya. Ofishin jakadancin farko da Ayalan ta buɗe a Afirka a Legas yake, tun 1960, saboda ɗaruruwan limamanta da 'yan zuhudu da ke koyarwa da jinya a ƙasar. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, limaman ƙungiyar Holy Ghost da yawa sun zauna da mabiyansu a cikin Biyafara, su ne kuma suka kai wa duniya hotunan yaran da yunwa ta kumbura. Ayalan ƙasa ce da yunwar shekarun 1840 ta kashe wa mutum kusan miliyan ɗaya, saboda haka hotunan sun taɓa tsohon miki. A 1968 aka kafa ƙungiyar agaji ta Africa Concern a Dablin, kuɗi suka yi ta zuba, aka matsa wa gwamnati lamba ta amince da Biyafara kamar yadda Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya suka yi. Aiken ya ƙi. Ya ci gaba da hulɗa da gwamnatin tarayya, ya bi da agajin gwamnatinsa ta hannun ƙungiyoyi irin su Red Cross, yana nanata cewa a koma teburin sulhu. Akwai lissafi a ciki, domin limaman Ayalan suna Jos, suna Kaduna, suna Adamawa, suna Legas, kuma duk abin da Dablin ta yi a kansu zai sauka. Akwai kuma tsohuwar fahimtarsa cewa ƙarfafa wa wanda ya riga ya rasa yaƙi guiwa ƙarin kaburbura kawai yake haifarwa. A majalisa da jaridu an zarge shi da bushewar zuciya, kuma gaskiya bai iya nuna tausayi a bainar jama'a ba ko da yana jin sa. Amma a kan ƙin amincewar, ina ganin shi ke da gaskiya.

A Yuli 1969 Firayim Minista Jack Lynch ya sauke shi, ya naɗa Patrick Hillery. Ƙasar ta riga ta juya fuska wajen Kasuwar Tarayyar Turai, abin da Aiken bai taɓa ɗoki a kansa ba. Wata guda bayan haka rikici ya ɓarke a Ayalan ta Arewa, mahaifarsa. A 1970 aka kori ministoci biyu, Charles Haughey da Neil Blaney, bisa zargin yunƙurin shigo da makamai a ɓoye domin Katolikan arewa. Kotu ta wanke Haughey, tuhumar Blaney kuma ba ta kai ga shari'a ba. Aiken, ɗan arewa, tsohon shugaban IRA, wanda ya fi kowa a jam'iyyar haƙƙin yin zafi a kan lamarin, ya tsaya bayan Lynch a kan cewa ba za a tura bindiga ƙetaren iyaka ba.

Da zaɓen 1973 ya zo, jam'iyya ta sake tsayar da Haughey takara. Aiken ya ce in haka ne shi ba zai tsaya ba, kuma zai faɗa wa jama'a dalili. Ba batun makaman kaɗai ke damunsa ba, har da yadda attajirai da 'yan kwangila suka kewaye jam'iyyar da suka kafa. Manya suka yi ta sintiri a kansa, har da de Valera, wanda ke shugaban ƙasa yana da shekara casa'in. Daga ƙarshe ya yarda ya janye ba tare da ya yi magana ba, Lynch ya tsaya gaban taro a Dundalk ya ce likita ne ya ba shi shawarar ya huta. Ba haka ba ne, kuma ya bari aka faɗa. Daga nan ya janye jiki daga harkokin jam'iyyar. Haughey ya zama firayim minista a 1979, Aiken yana raye yana gani. Ya rasu ranar 18 ga Mayu 1983, aka kai shi Camlough aka binne. A 2006 kwamitin bincike na Mai Shari'a Moriarty ya tabbatar da cewa Haughey ya karɓi miliyoyin fam daga hannun 'yan kasuwa a tsawon shekarunsa na mulki.